Zanen Gwaji: Inda Mai Zane Ke Yanke Shawara Kafin Ya Taɓa Fenti

A watan Yulin 2021 kamfanin gwanjo na Christie's da ke Landan ya sayar da wata 'yar takarda mai santimita 7 a tsaye, 7 a kwance, a kan fam miliyan 8.8. Kan dabbar beyar ne a jiki, wanda Leonardo da Vinci ya zana wajen shekarar 1480. Kafin nan, a Disambar 2012, Sotheby's ya sayar da zanen kan wani matashi da Raphael ya yi da baƙin alli a kan fam miliyan 29.7. Babu ɗaya a cikinsu da mai shi ya yi don a rataya a bango. Takardun aiki ne, irin waɗanda ake yi kafin a fara ainihin hoton.

Duk lokacin da labari irin wannan ya fito, tambayar jama'a ɗaya ce: yaya za a yi abin da ba a gama ba ya fi wanda aka gama tsada? A 'yan shekarun nan kuma wata tambayar ta biyo baya. Tun da ƙirƙirarriyar basira ta fara fitar da hotuna cikin daƙiƙoƙi, ana yawan ce wa masu zanen littattafai da na mujallu su nuna zanen gwajinsu kafin a yarda cewa hannunsu ne ya yi aikin. Tambayoyin biyu tushensu guda, kuma ba za a amsa su ba sai an san abin da zanen gwaji ke yi wa mai zane.

## Ba iri ɗaya ba ne

Abin da ake kira zanen gwaji ko zanen share fage matakai ne, kowanne da matsalar da yake warwarewa.

Na farko ƙanana ne ƙwarai, wani bai kai akwatin ashana ba. Mai zane zai jera goma ko ashirin a shafi guda, yana neman inda zai ajiye manyan siffofi, inda haske zai faɗa da inda duhu zai taru. A nan ba a damu da ido ko hanci ba. Idan ya zaɓi ɗaya sai ya faɗaɗa shi ya zama zanen tsari, wanda ke nuna kowa da kowane abu a mazauninsa. Daga nan sai nazarin sassa: ya tsayar da mutum a gabansa ya zana hannu shi kaɗai, ko ƙafa, ko yadda tufafi ke naɗewa a gwiwa. Wasu kan ƙara da gwajin launi, wato ƙaramin hoto da fenti don a ga ko launukan za su zauna tare. Na ƙarshe shi ne babban zane daidai girman aikin, wanda Italiyawa ke kira kartone, shi ake ɗorawa a bango ko a allo a kwafe.

Akwai kuma wanda ba a takarda yake ba, wato layukan da ake ja a kan allon ko ƙyallen kansa, fenti ya zo ya rufe su. Ba kowane mai zane ke bin matakan duka ba, wasu ma ba sa bin ko ɗaya.

## Bango ba ya jira

Al'adar ta girmi Turai nesa ba kusa ba. A kabarin Fir'auna Horemheb da ke Kwarin Sarakuna a Masar, an bar wasu bangaye ba a ƙarasa ba, saboda haka har yau ana ganin zanen farko da jan tawada, da gyaran da aka bi aka yi da baƙa, kafin masu sassaƙa su sa hannu. Amma a Italiya ta ƙarni na 15 da na 16 ne, bayan takarda ta fara samuwa da sauƙi, zanen gwaji ya zama ginshiƙin sana'ar, kuma babban dalilin yana cikin kayan aikin ne.

Manyan ayyukan lokacin a kan ɗanyen yaɓe ake yin su. Da safe magini zai shafa yaɓen farar ƙasa daidai wurin da mai zane zai iya gamawa a ranar. Ana sa launi yaɓen yana da damshi, idan ya bushe launin ya zama jikin bangon. Wanda ya yi kuskure babba sai dai ya sa a kankare wurin a sake yaɓe. Wannan ya sa babu halin tsayawa tunani a gaban bango. Dole a gama tunanin a takarda, inda kuskure ba ya cin komai sai alli da lokaci.

Rufin ɗakin ibada na Sistine a Fadar Vatican, wanda Michelangelo ya zana daga 1508 zuwa 1512, yana da tsayin kusan mita 20 daga ƙasa, faɗinsa kuma ya haura murabba'in mita 500. Daga cikin mutanen da ke jikinsa akwai wata mace da ake kira Sibil ta Libiya, ta juya baya tana riƙe da wani ƙaton littafi a buɗe, jikinta a murɗe, nauyinta a kan yatsun ƙafa. Takardar gwajinta tana gidan tarihi na Metropolitan a New York, girmanta kusan na takardar ofis. Wanda ya tsaya a gaban Michelangelo don ya zana shi namiji ne, kuma an zana bayansa da jan alli tsoka bayan tsoka, duk da cewa a rufin tufafi sun rufe yawancin jikin. A ƙasan takardar ya zana ƙafar hagu ita kaɗai, sannan ya sake maimaita babban yatsan a gefe, yana duba yadda yake lanƙwashewa idan nauyi ya hau kansa. Mai kallo daga ƙasa da wuya ya lura da wannan yatsa. Amma da bai zauna daidai ba, da duk jikin ya zama kamar yana lilo a iska, kuma wannan kowa zai gani ko bai san dalili ba.

Yadda ake mayar da babban zane bango ma abin lura ne. Ana bin layukan da allura a huhhuda su, a manna takardar a ɗanyen yaɓe, a ɗauki ƙunshin garin gawayi a ƙyalle ana bubbugawa. Idan aka ɗaga takardar sai a ga siffar ta fito ɗigo-ɗigo. Idan ana sauri kuma, sai a bi layin da tsinken ƙarfe ya bar shaida a yaɓen. Michelangelo ya yi amfani da hanyoyin biyu. Wanda ya taɓa ganin ana zana aska takwas da alƙalami a ƙyallen babbar riga kafin mai ɗinkin hannu ya sa allura ya san wannan rabon aiki: mai zane ya riga ya yanke inda komai zai bi, mai zare yana bin sawu ne.

Sai dai ko babban zanen ba ya ɗaure mai shi. Na hoton da Raphael ya yi wa masana falsafar Girka a Vatican tsakanin 1509 da 1511, wanda a cikinsa ake ganin wani mai rawani da ake cewa Ibn Rushd ne, yana nan a ɗakin karatu na Ambrosiana a Milan, faɗinsa ya kai mita 8. Mutumin da ke zaune a gaba ya yi tagumi a kan wani dutse, wanda yau yana cikin waɗanda ido ke fara sauka kansu, babu shi a takardar. Daga baya aka ƙara shi a bangon.

## Makonni biyar na Guernica

Babu aikin da aka fi sanin yadda ya girma mataki-mataki kamar Guernica na Pablo Picasso, domin ya sa kwanan wata a takardun gwajinsa, kuma wata mai ɗaukar hoto, Dora Maar, ta riƙa ɗaukar hoton ƙyallen yayin da aikin ke tafiya.

Tun a Janairun 1937 gwamnatin Jamhuriyar Sifaniya, wadda ke cikin yaƙin basasa a lokacin, ta ba shi aikin babban hoto don baje kolin duniya da za a yi a Faris, amma ya shafe watanni bai kama hanya ba. Ranar 26 ga Afrilu jiragen yaƙin Jamus da Italiya suka yi wa garin Guernica na yankin Basque a Sifaniya ruwan bama-bamai. Ranar 1 ga Mayu ya fara zane. Takardar farko kusan rubutun tsutsa ce, layuka kaɗan da fensir a kan shuɗiyar takarda, amma akwai bijimi, akwai doki, akwai mace da ta miƙo fitila ta taga. Waɗannan ukun sun kai har ƙarshe. A wani zanen na wannan ranar, wani ɗan ƙaramin doki mai fukafukai yana fitowa daga raunin da ke jikin babban dokin. Shi bai kai ba. Uwa mai ɗauke da gawar jaririnta sai bayan mako guda ta shigo, kuma ya yi ta sauya mata wuri, har a kan tsani ya taɓa ɗora ta, kafin ta tsaya a gefen hagu ƙarƙashin bijimin.

Ranar 11 ga Mayu ya koma kan ƙyallen, mai tsayin kusan mita 3.5 da faɗin mita 7.8. A hotunan farko na Dora Maar, sojan da ke kwance ya ɗaga hannu sama ya dunƙule shi a tsakiyar hoton, alamar da kowa a lokacin ya san ta masu goyon bayan Jamhuriya ce. A mataki na gaba hannun yana riƙe da zangarniyar hatsi, rana na bayansa. Daga baya Picasso ya cire hannun gaba ɗaya, ranar ta koma siffar ido mai ƙwan lantarki a tsakiya, kan dokin da ke sunkuye ya ɗago yana haniniya. Ya gwada manna takardu masu launi a jikin matan, ya cire su, hoton ya tsaya a baƙi da fari da ruwan toka. A farkon Yuni aka gama. Zanen gwajin sun kai kusan 45, kuma da dama daga cikinsu an yi su ne bayan an fara aiki a ƙyallen, musamman fuskokin mace mai kuka.

Abu biyu ke fitowa daga wannan. Na farko, gwaji da aiki ba lallai su zo ɗaya bayan ɗaya ba, mai zane kan koma takarda duk lokacin da ƙyalle ya cije masa. Na biyu, kuma shi ya fi nauyi, yawancin shawarwarin da ya yanke na cirewa ne. Masana sun sha bamban kan dalilin cire dunƙulallen hannun. Wasu na ganin yana raba hoton gida biyu yana janye ido daga dokin, wasu na ganin Picasso ya guji hoton ya zama tallan ɓangare guda ne. Ko wanne ne, ba don takardun da hotunan Dora Maar ba, da ba wanda zai san an taɓa yin wannan zaɓi. Hoton da zanen gwajinsa suna gidan tarihi na Reina Sofía a Madrid.

## Abin da ke ƙarƙashin fenti

Tun daga ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da na'urar da ke aiki da wani haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsa fenti ya nuna layukan gawayi da ke ƙasa. Da ita aka gano cewa a hoton miji da mata na iyalin Arnolfini, wanda Jan van Eyck ya yi a 1434, an sauya yadda hannun mijin ke ɗage, kuma ɗan karen da ke gabansu babu shi a zanen ƙasa. A 2005 gidan baje kolin zane na ƙasa da ke Landan ya gano wani tsari dabam kwata-kwata a ƙarƙashin ɗaya daga cikin hotunan Leonardo. Masu tantance aiki na ba irin wannan muhimmanci, domin mai kwaikwayo ya riga ya san inda layi zai tsaya, mai ƙirƙira ne ke lalube yana sauya ra'ayi. Hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta isa ita kaɗai ba, tun da ƙwararren ɗan jabu ma na iya ƙirƙirar gyara.

## Masu cewa ba dole ba ne

Muhawarar tsohuwa ce. A ƙarni na 16 mutanen Florence sun ɗauki zane a matsayin uban sana'ar, mutanen Venice kuma suka fifita launi da gina hoto kai tsaye da buroshi. Giorgio Vasari, wanda ya rubuta tarihin masu zanen zamaninsa kuma yana ɓangaren Florence, ya ruwaito cewa Michelangelo ya yaba launin Titian, mai zanen Venice, amma ya yi takaicin cewa a Venice ba a fara koyon zane da kyau. Ayyukan Titian ba su rasa daraja saboda wannan ba. Caravaggio, wanda ya rasu a 1610, ba a san wata takardar gwaji da aka tabbatar tasa ce ba. Abin da ake gani a wasu hotunansa 'yan tsage-tsage ne a ɗanyen fentin ƙasa, da alama don ya tuna inda mai tsaya masa ya ajiye kai ko hannu.

Hujjar ɓangaren farko ita ce, wanda bai warware tsari da siffa a takarda ba zai warware su da fenti mai tsada, ko kuma ya ɓoye su da ado. Hujjar na biyu ita ce, abin da aka kwafa daga takarda zuwa ƙyalle yakan rasa rai a hanya. John Constable na Ingila kan yi gwaji da fenti daidai girman hoton, kusan ƙafa 6, kafin ya fara na baje koli, kuma wasu masu sharhi na ƙarni na 20 sun fifita gwajin a kan kammalallen. Lokacin da Claude Monet da abokansa suka baje ayyukansu a Faris a 1874, babban sukar da aka yi musu shi ne sun kawo gwaji suna kiransa aiki.

Idan aka duba da kyau, bambancin na wurin yin gwajin ne. Fentin mai yana jinkirin bushewa kuma ana iya shafa wani a kan wani, don haka mai shi na iya yin lalubensa a ƙyallen. Ɗanyen yaɓe da tawada ba sa ba da wannan dama.

## Takardar da ke zama yarjejeniya

Wani aikin zanen gwaji ba na fasaha ba ne, na ciniki ne. A 1620 Peter Paul Rubens ya karɓi kwangilar hotuna 39 don rufin wata majami'a a Antwerp. Yarjejeniyar ta ce shi zai yi ƙananan zanen da hannunsa, Anthony van Dyck da sauran yaran shagonsa su yi manyan. A 1718 gobara ta cinye manyan hotunan, da yawa daga ƙananan kuma suka tsira. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu tara zane ke neman gwaji ido rufe: a babban hoto hannu da yawa sun taɓa, a ƙaramin kuwa maigidan ne shi kaɗai.

Mai zanen littafi ko mujalla yana cikin wannan halin kullum, domin akwai edita a kansa. Norman Rockwell, wanda ya yi wa mujallar Saturday Evening Post ta Amurka bango sama da 300, kan fara da ɗan ƙaramin zane ya nuna wa editoci. Sai an amince zai nemo masu tsaya masa, a ɗauki hotunansu, ya yi cikakken zane da gawayi, ya yi gwajin launi, sannan ya taɓa ƙyalle. Mai zanen littafin yara kan naɗe takardu ya yi samfurin littafin, galibi shafi 32, don a ga inda rubutu zai zauna, da abin da yaro zai tarar idan ya juya shafi, da kuma tabbatar da cewa fuskar wani ba ta faɗa a tsakiyar ɗinki ba.

## Batun farashin

Tsadar tsofaffin takardun tana da dalilai na zahiri. Kammalallun ayyukan waɗannan mutane suna jikin bango ko a gidajen tarihi, ba sa zuwa kasuwa. Takardun ma kaɗan suka rage, domin kayan aiki ne da ake yagawa a zubar. Vasari ya ce Michelangelo da kansa ya ƙona da yawa kafin rasuwarsa a 1564, don kada a ga wahalar da ya sha, kuma waɗanda suka tsira ba su wuce kusan 600 ba. Na Leonardo da ke hannun ɗaiɗaikun mutane kuwa 'yan ƙalilan ne. A ɗaya gefen, masu suka na cewa suna ake saye, kuma da a ce wannan kan beyar na wani almajirinsa ne da bai yi kusa da wannan kuɗi ba. Wannan ma gaskiya ne. Farashin gwanjo yana auna ƙarancin abu da sunan mai shi fiye da yadda yake auna amfanin da takardar ta yi a ranar da aka zana ta.

## Mai ba da aiki, mai koyo da mai neman hujja

Ga wanda zai ba da aikin bangon littafi, ko allon shago, ko tambarin makaranta, matakin gwaji shi ne lokacin magana. A nan ne gyara ke da arha. Masu sana'ar da dama kan fayyace tun farko sau nawa za a yi gyara a gwaji, su karɓi kafin alƙalami, kuma duk sauyin da ya zo bayan an amince da zanen ya zama da kuɗinsa dabam. Yawan rigimar da ke tashi tsakanin mai zane da mai aiki daga tsallake wannan matakin take fitowa, ko daga ɗaukar cewa gwaji kyauta ne alhali a cikinsa aka yi mafi yawan tunanin.

Ga mai koyo, takardun manyan sun nuna cewa layin da ya karkace ba abin ɓoyewa ba ne. Ɗalibin da ke yaga duk shafin da bai yi kyau ba yana zubar da abin da malaminsa zai duba ya gane inda matsalarsa take.

Batun hujja shi ne sabo. A 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa wani hoto rajista, wanda aka yi da Midjourney, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai fitar da hotuna, kuma ya ci gasa a jihar Colorado a 2022, bisa dalilin cewa doka tana kare abin da ɗan Adam ya ƙirƙira ne. Wannan ya ƙara wa ajiye matakan aiki daraja. Mai zane a kwamfuta yana da fayil mai shimfiɗa-shimfiɗa, manhajoji irin su Procreate kuma suna naɗar bidiyon aikin tun daga layin farko. Masu goyon bayan neman wannan shaida na cewa tana kare mai zanen gaskiya. Masu adawa na cewa tana mayar da kowane mai zane abin zargi, tana cutar da waɗanda ba sa yin gwaji a tsarin aikinsu, kuma na'ura na iya ƙirƙirar gwajin bogi daga kammalallen hoto. Ƙasashe ba su daidaita dokokinsu a kan lamarin ba tukuna, don haka a yanzu sharuɗɗan kowace gasa da yarjejeniyar kowane kamfanin ɗab'i ne ke yanke abin da za a nema daga mai zane, kuma wanda ya saba sa kwanan wata a takardunsa ya fi sauƙin cika su.